"Lahiya lau" ta waya ba ta isa ba: yadda za ka gane ainihin zaman da tsoho yake yi a gida

Duk wanda yake da tsoho ko tsohuwa a gida shi kuma yana wani gari ya san amsar tun kafin ya tambaya. Ka kira, a kai mata wayar, ka ce Inna ya jiki ya gida, ta ce lahiya lau mun gode Allah. Ko da a ce tun safe koko kawai ta sha, ko ƙafa ta kumbura kwana uku ba ta taka ta, amsar dai ita ce lahiya lau. Kai kuma ka ji daɗi ka ajiye waya, ƙarshen wata ka tura kuɗi ta hannun mai POS, a kira a ce sun shigo Allah ya yi albarka, shi kenan a wajenka ka sauke nauyi.

Ni ma haka nake yi da gwaggona, yayar mahaifina, da ke zaune a wani ƙauye can wajen Bunza, a gidan ɗanta. Ina Kaduna, sai da sallah nake zuwa, kuma duk zuwan da zan yi sai na tarar an share ɗakinta tas, an sa turaren wuta, tana sanye da sabon zane, ga kwanon nama a gefe. Ashe abin da nake gani kwalliyar sallah ce. Wata rana ta'aziyya ta kai ni Birnin Kebbi a tsakiyar watan Afrilu, na ce bari na ƙarasa na gaishe ta, ban gaya wa kowa ba. Na isa bayan la'asar, zafin nan na Kebbi da yake haura digiri 40, ko tsuntsu ba ya motsi, na same ta kwance a kan tabarma leɓenta ya bushe har ya tsage. Na ɗebo ruwa a randa na miƙa mata ta ce a'a. Na matsa, ta ce, "Babana," haka take kirana dan sunan mahaifinta gare ni, "ba ni shan ruwa in la'asar ta yi." Na ce saboda me Gwaggo? Ta daɗe ba ta ce komai ba sannan ta nuna dokin ƙofa da haɓa ta ce, "Na taɓa hwaɗuwa nan da dare, ba ni son tashin dare."

To ka ga yadda abin yake sarƙe. Makewayi yana can ƙarshen gida, dokin ƙofarta ya kai kusan taƙi biyu dan an ɗaga shi ne saboda ruwan damina, idonta ɗaya yanar ido ta rufe shi, tocilar da na saya mata bara batir ya ƙare yara sun ɗauke. Ta faɗi sau ɗaya ba ta gaya wa kowa ba, sai ta yanke wa kanta hukuncin daina shan ruwa tun la'asar dan kar fitsari ya tashe ta. A watan Afrilu fa. Ba wanda ya zalunce ta a gidan nan, ana ba ta abinci ana mata wanki, amma tana ta ƙanjamewa a gaban kowa ba wanda ya lura, ni kuma ina can ina jin lahiya lau.

Abu na farko da ya kamata mutum ya gane shi ne tsoho ba ƙarya yake maka ba, kara yake yi. Yana tsoron in ya faɗi gaskiya ya haɗa ka faɗa da ɗan'uwanka da ke riƙe da shi, yana tsoron a ce bai gode ba, yana jin kunyar faɗin abin da ya shafi fitsari ko bayan gida ga ɗan da ya goya, kuma babban tsoronsa shi ne ka ce to tattara mu tafi birni, ya bar masallacinsa da dandalin hirarsa da maƙabartar da iyayensa suke. Shi ya sa tambayar "akwai matsala?" ba ta taɓa fito da komai. Gani ya kori ji. Kuma ganin ma ba na ranar sallah ko ranar biki ba, ka je ranar da ba a tsammaninka, in da hali ka kwana, dan rabin wahalar tsoho tsakanin isha'i da asuba take.

In ka je kar ka fara da tambayoyi kamar ɗan sanda. Ka zauna a inda yake kwana, ka tashi ka bi hanyar da yake bi daga shimfiɗa zuwa makewayi, ka ƙirga abin da zai iya kayar da mutum. Bakin tabarma da ya naɗe, dokin ƙofa, turmi da aka bari a tsakar gida, igiyar akuya, ramin da ruwan wanke-wanke ya yi, santsin siminti a wajen wanka inda gansakuka ta fito. Ka shiga makewayin da kanka, kar ka ce ƙyama. Bakin masan ya zaizaye? Akwai abin dafawa in ya tsuguna zai tashi? Mutumin da gwiwarsa ta ƙare tsugunno a wajensa aiki ne babba, wasu har rage cin abinci suke dan kar su yawaita zuwa. Kuma faɗuwa a wajen tsoho ba ƙaramin abu ba ne, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum 684,000 ne faɗuwa take kashewa duk shekara a duniya, kuma waɗanda suka haura shekara 60 su ne suka fi yawa a ciki. Ƙashin tsoho, musamman mace, ya yi rauni, in ƙashin ƙugu ya karye sai ka ga mutumin da jiya yake zuwa masallaci da ƙafarsa ya koma kwance, daga kwanciyar nan kuma sai gyambon baya, sai ciwon huhu, sai a ce ai kwana ne ya ƙare. Kwana ya ƙare kam, amma dokin ƙofa ne sila. Gyaran kuma ba tsada ne da shi ba, buhun siminti ɗaya a yi gangare a bakin ƙofa, a kafa gora ko bututun ƙarfe a bango na dafawa, kafinta ya huda kujerar katako a ɗora kan masai, a aje fo mai murfi a ɗaki dan dare, a sayi 'yar fitilar sola a ce wannan ta Kaka ce kar wanda ya taɓa.

Sai ruwa. Jikin tsoho ba ya jin ƙishirwa da wuri kamar na yaro, yana iya bushewa bai ji yana son sha ba, ballantana a Maris da Afrilu da Mayu ko in azumi ya faɗo cikin bazara, ga tsofaffin namu da taurin kai wajen azumi ko da likita ya ce a ciyar. Ka duba randar ɗakinsa, cike take? Yaushe aka wanke ta? Zai iya ɗaga moɗa ya ɗeba da kansa ko sai ya jira jika ya dawo daga makarantar allo?

Abinci shi ne wajen da aka fi yaudarar kai. Za a ce maka ana kai mata kwano uku a rana, kuma gaskiya ne ana kaiwa, tambayar ita ce nawa take ci. Ka zauna ka ci tare da ita ka gani. In haƙora sun zube, tuwon da ya kwana ya sandare ko shinkafar da ba ta nuna sosai ba ko nama mai jijiya duk kallo ne, sai ka ga ta tsakuri loma biyu ta tura wa jikoki, su kuma dama sun san lokacin, suna nan tsugune kamar kaji. Kakanni kuwa ba sa iya hana jika. Madara da suga da kifin gwangwani da ka aiko duk cikin yaran nan suke ƙarewa, ita da kanta take rabawa. Ka kalli zoben hannunta ko ya fara juyawa, ka kalli wuyan rigar tsoho ko ya yi masa yawa, labarin zuciya a tambayi fuska. Fura da nono mai kyau, kunun gyaɗa, faten wake, ƙwai, kifin da aka cire wa ƙaya wanda a bakin gulbi irin Yawuri da Argungu ba wuyar samu yake ba, sun fi masa amfani da buhun shinkafar da za ka sauke a ƙofar gida kowa ya gani.

Daga nan ka ce a miƙo maka ledar magani. Kowane tsoho yana da ita, baƙar leda a ƙarƙashin filo ko a rataye a ƙusa. Ka zazzage ta a kan tabarma. Ta gwaggona da na zazzage na samu maganin hawan jini da aka rubuta mata tun wata bakwai baya ta sha rabi ta bari dan ta ji sauƙi, da ƙullin haɗi na kemis kala huɗu ba suna ba kwanan wata, da diclofenac da take sha kullum saboda gwiwa, da wani garin gargajiya a ƙunshe a takarda. Maganin hawan jini ba a barinsa dan an ji sauƙi, shi ciwon ma yawanci ba ya nuna alama, sai dai a wayi gari baki ya karkace hannu ya saki magana ta sarƙe, a ce iska ce ta buge shi a tsaya ana turare, alhali shanyewar ɓarin jiki ce da ke buƙatar asibiti a take. Su kuma magungunan ciwon jiki irin diclofenac da ibuprofen in aka ɗore da su kullum suna cin ciki suna lalata ƙoda, ballantana ga wanda dama ba ya shan ruwa, kuma suna ƙara ɗaga jinin. Ka kwashi ledar gaba ɗaya ka kai wa ma'aikacin lafiya ya tace, kar ka zama likitan kanka. Na'urar awon jini ta hannu tana nan a shagunan magani na Gusau da Birnin Kebbi, a saya a koya wa wani mai hankali a gidan, in awo yana yawan kaiwa 140 bisa 90 ko sama a rubuta a littafi a tafi da shi asibiti.

Ka kalli ƙafarsa ma, da gaske nake. Farce ya yi tsawo ya lanƙwashe dan ba ya iya sunkuyawa ya yanke, faso ya tsage, ko wani ɗan miki tsakanin yatsu da ya ƙi warkewa, wanda ga mai ciwon suga daga nan ake kaiwa ga yanke ƙafa. In yana kwance ba ya iya juyawa, a duba bayansa da ƙugu da diddige, ana so a riƙa juya shi kamar duk bayan awa biyu. In mace ce ka sa 'yar'uwarka ko matarka ta duba, akwai abin da ba za ta taɓa bari ɗa namiji ya gani ba. Ido kuma, yanar nan da muke cewa ai tsufa ne, aiki ake yi a cire mutum ya dawo yana karanta Alƙur'aninsa, ana yi a manyan asibitoci kamar Sir Yahaya a Birnin Kebbi da asibitin tarayya na Gusau.

Akwai maganar ƙwaƙwalwa, nan ne muke yawan kuskure. Mantuwar da take zuwa a hankali cikin shekaru, ya manta ya yi sallah ya sake, ya kira ka da sunan wanda ya rasu, ya fita ya ɓata hanyar gida, ya ce an sace masa kuɗi alhali shi ya ɓoye, wannan cuta ce ta ƙwaƙwalwa, ba iskanci ba ne ba kuma maita ba, dan na san tsohuwar da aka fara yi wa kallon banza a unguwa saboda tana fita da dare tana surutai. Amma rikicewar da ta zo farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu, jiya lafiya lau yau bai gane kowa ba, wannan daban ce, sau da yawa zazzaɓi ne ko ciwon mafitsara ko bushewar jiki ko suga ya faɗi ko magani ya yi masa yawa, kuma in an yi maganin abin sai hankali ya dawo. Kar a ce rikicin tsufa ne a zauna.

Ɗakin kansa kuma kowane lokaci da nasa sharrin. Da damina ka ɗaga kai ka kalli azara ko gara ta ci, ka duba gindin katanga ko ya jiƙe, dan ɗakin tsoho shi ne mafi tsufa a gida kuma shi ake bari ƙarshe wajen yaɓe, wanda ya ga ambaliyar 2020 a Kebbi ya san yadda ginin ƙasa yake zubewa in ruwa ya kwana a gindinsa, kuma mai gudu ne yake tsira. Da hunturu kaskon garwashi ne, a rufe ƙofa da taga ruf a kwana da shi, iskar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari ba a ganinta, mutum yana barci take ɗauke shi, ga haɗarin bakin zane ya kama wuta. Gidan sauro kuma yawanci an ba yara da mai ciki an manta da Kaka.

To sai kuɗi, inda ake jin nauyin magana. Katin banki yana hannun wa? Wa ya san lambar sirri? In ɗan fansho ne wa yake raka shi tantancewa, kuma nawa yake shiga hannunsa in an ciro? Lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023 tsofaffi da yawa sun miƙa kati da lamba ga jikoki dan ba za su iya layi ba, har yau wasu katin bai dawo ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum 1 cikin 6 na masu shekara 60 zuwa sama yana fuskantar wani nau'in cin zarafi a cikin shekara, kuma ba duka ne kawai ba, har da cinye masa dukiya da tsawa da wofintarwa. Kar ka tambaye shi a gaban mutane. Ka bari sai kun keɓe ka ce Baba kuɗin goron wancan watan sun ishe ka kuwa, daga yadda zai amsa za ka gane ko ya ma san an aiko. Ka lura kuma in wani ya shigo ya yi shiru ya sunkuyar da kai, ko in duk tambayar da ka yi masa wani ne yake riga shi amsawa.

Mutanen Zamfara nasu ya fi namu wuya. Ƙauyuka da yawa a yankunan Zurmi da Shinkafi da Anka da Maradun matasa sun watse saboda 'yan bindiga, tsofaffin da suka ce ba inda za su sun zauna, hanya kuma ba kullum take biyuwa ba. Da aka katse layukan waya a jihar a watan Satumba na 2021, mutane suka shafe makonni ba su ji ko lahiya lau ɗin ba. Wanda bai iya zuwa da kansa dole ya sami ido a can, ba mutum ɗaya ba, kamar liman ko maƙwabciya ko direban motar kasuwa da ke shiga ranar cin kasuwa, kuma ya riƙa yi musu tambaya takamaimai, ka ga Baba a masallaci jiya da asuba, da ƙafarsa ya zo ko an riƙo shi, hayaƙi ya tashi a gidan yau? Wanda kuma aka kwaso aka kawo Gusau ko Kauran Namoda aka sa shi a ɗaki ɗaya da mutum goma, shi ma a duba shi, an tsirar da ransa amma kaɗaici da rashin abin yi suna cin mutum kamar ciwo.

Wani zai ce ina gwamnati. A Ingila wata doka ta 2014 ta ɗora wa ƙananan hukumomi alhakin auna buƙatun babban mutum da ba ya iya kula da kansa, da bincike in an ji ana cutar da shi. A nan ma akwai abubuwa a rubuce, sashe na 16 na tsarin mulkin 1999 ya ambaci kula da tsofaffi da fansho, Buhari ya sa hannu a dokar kafa cibiyar kula da dattawa ta ƙasa a farkon 2018, dokar inshorar lafiya ta 2022 ta sa tsofaffi cikin masu rauni da ya kamata a tallafa wa, ga hukumomin inshorar lafiya na jiha, KECHEMA a Kebbi da ZAMCHEMA a Zamfara, ga hukumar zakka da waƙafi ta Zamfara. Ya kamata mutum ya je asibitin shan magani na mazaɓarsu ya tambaya ko za a yi wa tsohonsa rajista. Amma shiga ɗaki a ɗaga filo a leƙa randa, wannan a wajenmu aikin dangi ne da maƙwabta, kuma ayar Suratul Isra'i da ta hana ko cewa tir ga iyaye in tsufa ya riske su, cewa ta yi in ya riske su a wurinka.

Inda na kusa yin ɓarna shi ne da matar ɗan Gwaggo. Raina ya ɓaci na fito zan fara faɗa, sai na gan ta a bakin murhu da goyo a baya, ga ciki, ga yara biyar, ita ke ɗebo ruwa ita ke wanke zannuwan Gwaggo in ta yi fitsarin kwance ba tare da ta taɓa gaya wa ko mijinta ba dan ta rufa wa tsohuwa asiri. Ni da nake zuwa sau biyu a shekara da ledar tsaraba ne zan zo na koya mata riƙon uwa? Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Sai na zauna a kan turmi na ce Yaya sannu da ƙoƙari, me ya fi ba ki wahala a hidimar Gwaggo? Ta yi dariya ta ce sabulu, da kuma leda ta shimfiɗa a kan katifa, tun yaushe take son faɗa tana jin nauyi. Daga bakinta na ji abin da Gwaggo ba za ta taɓa faɗa min ba, har da cewa ta daina zuwa gidan ƙawarta hira tun faɗuwar nan.

Na ƙara kwana biyu. Magini ya fasa dokin ƙofar ya yi gangare, Gwaggo tana zaune tana ta mita wai an ɓata mata ɗaki ruwa zai shigo, sai da ya ja 'yar kwata a gefe ya nuna mata inda ruwan zai bi sannan ta yi shiru. Fon da na sayo a kasuwar Jega ta ce ita ba jinjira ba ce a fitar mata da shi, aka tura shi ƙarƙashin gado aka ƙyale ta. Yanzu in na kira ba na ce mata ya jiki, sai na ce Gwaggo moɗa nawa kika sha yau, ta ce kai Babana ka cika sa ido, uku, sannan na ce a ba Yaya wayar na ji ko ukun gaskiya ne.